Ƙananan Ƙudajen Kicin: Tun Daga Lambu Ake Yaƙarsu

Da zarar mangwaro ya nuna, ko tumatir ya yi yawa a lambun gida, sai wasu ƙananan ƙudaje su mamaye kicin. Girmansu bai wuce ƙwayar riɗi ba, jikinsu ruwan ƙasa-ƙasa, idanunsu jajaye. Uwargida ta kore su da safe, kafin azahar sun dawo sun fi na ɗazu yawa. Wasu na ɗauka ruɓaɓɓen tumatir ne ke haifarsu. Gaskiyar magana ita ce, ƙwansu ake shigowa da shi cikin kwandon da aka ɗebo daga lambu, ko kuma warin tsami ya jawo iyayen daga waje.

Masana na kiran wannan ƙuda Drosophila. Abin da yake nema shi ne duk wani abu mai zaƙi da ya fara tsami: ayabar da ta yi luguf, tumatir ɗin da ya tsage, gwandar da aka yanka aka bari, sauran zoɓo ko kunun zaƙi a gindin gora, har da tsumman goge-goge da aka ajiye a jiƙe. Macen takan saka ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kusan kwana ɗaya, tsutsar ta ci ta ƙoshi, cikin kwana 8 zuwa 10 ta zama ƙuda mai tashi idan akwai ɗumi. Saurin hayayyafar nan ne ma ya sa Thomas Hunt Morgan na Jami'ar Columbia a Amurka ya zaɓe shi don binciken yadda 'ya'ya ke gadon kamannin iyaye, aikin da ya samar masa kyautar Nobel a 1933. Don haka wanda ya kashe masu tashi kawai bai yi komai ba, domin na gobe da na jibi suna kwance cikin abin da ya ruɓe.

Ba sa cizo, amma kada a raina su. Ƙudan da ya taso daga kwandon shara ko bakin kwata, shi ne zai sauka a kan yankakkiyar kankanar da yara za su sha, yana iya kuma ɗauko ƙwayoyin cutar da ke kawo ciwon ciki da gudawa.

Aikin farko a lambu yake. A riƙa tsinkar tumatir da gwaiba da zarar sun fara nuna, kada a jira su tsage a jikin itace. Wanda ya faɗo ƙasa ya fashe, kada ya shiga kwando ɗaya da mai kyau. Da an shigo gida a tsince, a wanke da ruwa mai tsabta, a bari ya tsane kafin a ajiye. Wanda ya yi taushi a fara amfani da shi a ranar. In tumatir ya fi ƙarfin tukunyar gida, a markaɗa a tafasa, ko a yanka a shanya a yi kauɗa, ko a raba wa maƙwabta tun yana da kyau.

Sai ajiya. Mai firji ya saka abin da ya nuna a ciki. Inda wuta ba ta zama, a rufe da murfin raga ko ƙyalle mai tsabta. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa: a saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tana sanyaya kayan miya musamman a lokacin rani, ƙyallen kuma ya tare ƙuda.

Daga nan a bi kicin lungu-lungu. A duba ƙasan buhun albasa da na dankali, domin guda ɗaya da ya ruɓe a ɓoye ya isa ya riƙe su makonni. A zubar da shara kullum kafin a kwanta, a wanke kwandon. A ɗauraye gorunan lemo da na zoɓo. A goge bakin magudanar ruwa da buroshi, a bi da ruwan zafi. Mai tara ɓawo don yin taki ya nisanta ramin da tagar kicin, ya riƙa rufe sabon ɓawo da ƙasa ko busasshen ganye.

Masu tashin kuwa, tarko ya ishe su. Hausawa sun ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. A zuba ruwan khal kaɗan a kofi, a ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo biyu, a rufe da leda, a huda ta da tsinken sakace. Warin zai jawo su, sabulun ya sa su nutse. In babu khal, zoɓon da ya yi tsami ma yana yi. A sake ruwan bayan kwana biyu ko uku.

Gargaɗi mafi girma shi ne kan feshi. Kada a kuskura a fesa fiya-fiya ko Sniper inda ake ajiye abinci. Guba ce da aka yi don gona, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan amfani da ita a cikin gida da kan kayan abinci. Ba ta kaiwa ga ƙwan da ke cikin tumatir, sai dai ta kai ga cikin iyali.

Mai bishiyar mangwaro ya lura da wani abu kuma. Tsutsar da ake tararwa cikin mangwaron da bayansa lafiya lau, aikin wani ƙuda ne daban, wanda ya fi wannan girma. Akwai wani nau'insa da aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, daga baya ya bazu har Afirka ta Yamma. Shi tun a kan bishiya yake huda ɓawo ya saka ƙwai, tsutsar ta fito ta shige ƙasa ta rikiɗe. Maganinsa a riƙa kwashe wanda ya zubo kullum, a ɗaure cikin baƙar leda a ajiye a rana na kwanaki, ko a binne a rami mai zurfi. In maƙwabta ma suna da bishiya, a yi aikin tare, domin ƙuda bai san katanga ba.

A ƙarshe, a yi haƙuri da aikin. Ko an tsabtace ko'ina yau, waɗanda suka riga suka zama tsutsa za su iya fitowa cikin mako mai zuwa. A ci gaba da tsafta da tarko har mako biyu. Idan bayan haka ana ganinsu, to akwai wani ruɓaɓɓen abu da ba a gano ba, a koma a sake bincike.