Malamin Da Ya Gano Asirin Ragwancin Ido

Sau da yawa a makarantun firamare na Shagari da Bodinga akan sami yaro da ba ya iya karanta abin da ke kan allo da ido guda, alhali idon garau yake ga mai kallo. Likitoci na kiran wannan ciwo ambiliyofiya, watau ragwancin ido, kuma yana kama yara biyu zuwa uku cikin ɗari.

Mutumin da ya taimaka wajen gano sababinsa shi ne Farfesa Torsten Wiesel, haifaffen ƙasar Suwidin a 1924. Ya gama karatun likita a 1954, ya tafi Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1955, inda ya haɗu da David Hubel a 1958. Daga nan suka koma Jami'ar Harvard a 1959.

A 1963 suka bayyana sakamakon bincikensu. Sun rufe ido guda na 'yan kyanwa tun suna jarirai, bayan wajen wata uku suka buɗe. Idon lafiyayye ne, amma ba ya gani, domin sashen ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙonsa ya koma yi wa ɗaya idon aiki. Da aka yi wa manyan kyanwoyi haka, ganinsu bai taɓu ba. Ashe ƙwaƙwalwa tana da lokacin koyon gani, in ya wuce sai wahala. Wannan aiki ya jawo musu kyautar Nobel a 1981, zamanin da Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta, yake shugabancin Nijeriya.

Abin da ke kawo ciwon ga yara shi ne harara-garke, ko yanar ido ta haihuwa, ko bambancin ƙarfin idanu biyu. Maganinsa tabarau, da rufe ido mai lafiya na wasu sa'o'i kullum don a tilasta wa ragon aiki. An fi dacewa kafin yaro ya shekara 7.

Saboda haka nauyi yana kan malamai da iyaye. A rufe wa yaro ido guda, a sa shi karatu, sa'an nan a sauya. In an ga bambanci, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.