Abin da ido ke faɗa idan baki ya yi shiru: yadda za ka fahimci maras lafiyarka

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A fuskar kuwa, ido ne ya fi kawo labari. Idan kana jinyar wanda ba ya iya magana, kamar jariri, ko tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda aka sa wa bututun numfashi, sanin abin da idonsa ke nunawa zai taimake ka ka gane ciwo ko tsoro da wuri. Amma akwai cututtukan da ke sa ido ya ba da labarin da ba shi ne a zuciya ba, kuma ya kamata ka san su.

Yadda ido ke nuna halin zuciya

Ɗan baƙin ramin da ke tsakiyar ƙwayar ido yana ƙanƙancewa a haske, ya buɗe a duhu. Haka kuma yana buɗewa idan mutum ya tsorata, ko yana jin zafin ciwo, ko wani abu ya ɗauki hankalinsa. Jijiyoyin da ke sa zuciya bugawa da sauri su ne ke yin wannan aikin, don haka mutum ba shi da iko a kansa.

Sai fatar ido da gira. Mai tsoro yana zare ido, farin idonsa ya fito sosai. Mai fushi yana haɗe gira ya yi harara. Mai baƙin ciki kuwa, bakin girarsa na wajen hanci yakan ɗaga sama. A 1862 wani likitan jijiyoyi ɗan Faransa, Guillaume Duchenne, ya bayyana cewa a murmushin farin ciki naman da ya kewaye ido yana tsukewa har gefen ido ya yi 'yan layuka, saɓanin murmushin yaƙe da ke tsayawa a leɓe.

Ƙwaƙwalwar mai kallo ma ido take nema. A wani bincike da aka wallafa a 2005, an duba wata mata da cuta ta lalata mata sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari. Ba ta iya gane tsoro a hoton fuska, sai aka gano cewa ba ta kallon idon. Da aka ce ta dube shi, sai ta gane.

Abin da za ka lura da shi wajen jinya

Alamun ciwo a fuska sun haɗa da runtse ido da ƙarfi, haɗe gira da yamutsa hanci. Ka lura da su lokacin da ake juya maras lafiya, ko ana yi masa wanka, ko ana wanke masa rauni, sannan ka gaya wa nas ko likita.

Wanda ya kasa magana ba lalle ne ya daina fahimta ba. Jean-Dominique Bauby, editan mujallar Elle a Faransa, jikinsa ya shanye a 1995, amma hankalinsa na nan. Da ƙifta idon hagu ya riƙa zaɓen haruffa ɗaya bayan ɗaya har aka rubuta littafi, wanda ya fito a 1997. Kai ma ka gwada: ku shirya cewa ƙiftawa ɗaya na nufin "i", biyu na nufin "a'a". Ka zauna daidai fuskarsa, ka yi gajeriyar tambaya guda, ka jira amsa. Kada a faɗi maganar da za ta karya masa zuciya a gabansa.

Lokacin da ido ke ruɗar mutane

Mai cutar Parkinson yana rage ƙifta ido, fuskarsa ta daskare. Iyali kan zaci fushi yake ko ya daina damuwa da su, alhali naman fuskar ne ya ƙi motsi. Ciwon maƙoƙo mai sa sinadarin maƙogwaro ya yi yawa yakan turo idanu waje, mutum ya zama kamar a firgice yake. Yaro mai larurar otizim na iya kauce wa haɗa ido, kuma tilasta masa ƙara masa damuwa yake yi.

Al'ada ma tana da tasiri. A wajenmu, sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne da kunya. Saboda haka kawar da ido shi kaɗai ba shaidar ƙarya ba ne. Abin dubawa shi ne canji: wanda ya saba fara'a, sai ya koma kallon ƙasa da yawan hawaye, ya daina jin daɗin komai har tsawon mako 2 ko fiye, yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Alamun da ke buƙatar asibiti nan take

- Ramin ido ɗaya ya fi ɗayan girma bayan an bugu a kai.
- Fatar ido ta faɗi farat ɗaya, tare da gani biyu-biyu ko ciwon kai mai tsanani.
- Ɓarin fuska ya karkace, musamman idan hannu ya yi nauyi ko magana ta sarƙe.
- Ramin ido ya tsuke kamar kan allura, mutum na ta barci, numfashinsa ya ragu, bayan shan magani irin su kodin.

A cikin waɗannan kada ka jira gari ya waye. Idan kuma jaririnka ya kai wata 3 bai fara kallon fuskarka ko bin abu da ido ba, ka kai shi a duba shi. Kai ne ka fi kowa sanin yadda idon ɗan'uwanka yake a lokacin da yake lafiya, don haka duk canjin da ka gani, ka faɗa wa likita tare da ranar da ya fara.