KUKAN KWAMFUTA A KARMO: SAU DA YAWA LAIFIN NA BANGO NE

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Life Camp ta nufi Gwagwa da Dei-Dei a Abuja, tilas ya ratsa Karmo, unguwar nan da kasuwarta ke ci ran Talata da Jumma'a. A ɗakunan haya na Karmo akwai samarin da suka mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka irin ta wasanni, kamar su HP Omen da Lenovo Legion. Galibi na hannu ne, wasu kuwa 'yan'uwa mazauna Ikko ne suka sayo a kasuwar Computer Village ta Ikeja suka aiko.

To, ba a daɗe da isowar kaya sai waya ta biyo baya, wai kwamfuta tana kuka. Wanda ya aiko ya soma zargin an cuce shi a Ikeja, wanda aka aiko wa kuma ya kama hanyar Banex a Wuse don neman mai gyara, alhali kuwa sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo, watau a zare caja a bar kwamfutar tana aiki da batir, a kasa kunne. In kukan ya ɗauke, to, a wajen wuta matsalar take.

Wutar Nijeriya bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, soket ɗinta kuma mai rami uku ne irin na Ingila. Rami na uku na wayar ƙasa ne, wadda aikinta shi ne ta kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa. Ba kowane mai gidan haya ne ke yarda ya kashe kuɗin sa wannan waya ba. Sa'an nan cajar da ta zo daga Amurka bakinta dabam ne, sai a haɗa ta da mahaɗi mai araha, ko ma a karya ƙafar ta uku don ta shiga. Abin da ke biyo baya shi ne gurnani a lasifika, musamman in an jona kwamfutar da talabijin ko amsa-kuwwa da ke kan wani soket, wani lokaci har mutum ya ji tsikari a yatsa in ya taɓa ƙarfen jikinta. Maganin shi ne a jona kayan duka a wuri ɗaya, a sayo wayar caja mai ƙafa uku ta gaske, a kira mai aikin lantarki ya duba wayar ƙasa. Karya ƙafar nan ganganci ne, domin ran da wuta ta ɓalle a cikin caja, jikin mutum ne zai zama hanyarta.

Sai batun janareta. An sake wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, aka miƙa rarraba wutar Abuja ga kamfanin AEDC a 2013, amma har yanzu 'yan Karmo, kamar na Agege da Sabon Badun, NEPA suke cewa, kuma ba su rabu da ƙaramin janaretan nan da mutanen Ikko ke yi wa kirari da "na fi maƙwabcina" ba. Wutarsa hawa da sauka take yi duk lokacin da aka kunna wani abu a gidan. Haka kuma inbata mai araha, wadda wutarta ba ta tafiya sumul kamar ta gwamnati, tana sa caja ta riƙa zuza kamar ƙudan zuma. Kwamfutar wasa kuwa ba irin ta ofis ba ce. Ta ofis wat 65 ya ishe ta, ita ko wannan cajarta takan kai wat 180 ko 230, wata har 330. Wanda ya sa mata ƙaramar caja ko jabu, zai ji kuka ya kuma ji zafi.

In kuwa an zare caja kukan bai tsaya ba, sai a bambance shi. Huci kamar na iska na fanka ne, ƙurar hunturu ce ta toshe mata hanya, share ta kawai za a yi. Akwai kuma wani siririn fito da ke tashi da zarar an buɗe wasa. Wannan daga wasu ƙananan naɗin waya yake fitowa, waɗanda ke rage wutar caja daga wajen bolt 20 zuwa kusan bolt ɗaya da ƙwaƙwalwar na'ura ke bukata, sukan yi rawa in aiki ya yi nauyi. Yana da ban haushi, amma ba ya kashe kwamfuta, har sabuwa fil takan yi shi. In aka shiga saitin wasan aka tsaida hotuna a kan 60 cikin daƙiƙa, yawanci sai ya lafa. A nan ne ake cin kuɗin mutane a banza, a ce sai an canja babban allon ciki.

Kukan da ba a wasa da shi shi ne ƙas-ƙas mai zuwa da ƙaurin ƙuna, ko kuma a ga jikin kwamfuta ya kumbura. Batir ne ya lalace, yana iya kama wuta, a kashe ta nan take a daina cajin ta har sai an sake shi.

Mai saye a Ikeja kuwa, kafin ya biya sai ya sa a kunna masa wasa na ɗan lokaci, da caja da kuma ba caja, ya juya cajar ya karanta wat ɗin da aka rubuta a bayanta, sa'an nan ya haɗa da wayar mai ƙafa uku cikin saƙon da zai sa a motar Abuja.