Mai Naƙuda Kada Ta Riƙe Fitsari

Iyayenmu mata da 'yan'uwa da ke Gbalahi da kewaye, mun san a zaman gudun hijira bayi kan yi nisa, ga layi, ga kunya. Shi ya sa mai ciki kan riƙe fitsari ko ta rage shan ruwa. A lokacin naƙuda wannan yana da haɗari.

Mafitsara tana gaban mahaifa ne, daf da hanyar da jariri zai bi. In ta cika, sai ta tare masa hanya, naƙuda ta yi tsawo. Bayan haihuwa kuma takan hana mahaifa tsukewa, jini ya yi ta zuba. Saboda haka mai naƙuda ta riƙa kurɓar ruwa, ta yi fitsari duk bayan awa 2 zuwa 3, ko bai matse ta ba. Mai zama da ita ta ajiye mata fo a kusa.

Da naƙuda ta fara, a tafi asibiti. Kada a bari ta wuce awa 12 a gida. In kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi, naman wurin yakan mutu ya ɓule. Abin da ke kawo yoyon fitsari ke nan. Ba asiri ba ne, ba kuma laifin matar ba ne.

Bayan haihuwa, a sanar da ungozomar asibiti nan take in:

Awa 6 sun wuce mai jego ba ta yi fitsari ba.
Fitsari yana mata zafi, ga zazzaɓi ko ciwon mara.
Fitsari yana zuba dare da rana ba ta iya tsayar da shi.

Kada ku ji tsoron robar fitsari. In an sa ta da wuri, ƙaramar ɓula kan warke ba tare da tiyata ba. Wadda ta daɗe da lalurar ma tana da magani: akwai cibiyar aikin yoyon fitsari a asibitin Tamale Central.

Magidanta, ku tanadi abin hawa tun kafin watan haihuwa. Lambar gaggawa ita ce 112. Tun 2008 awon ciki da haihuwa kyauta ne a Ghana ga mai katin inshorar lafiya. Wadda ba ta da kati, ko take jin nauyin magana, ta zo ofishinmu. Za mu haɗa ta da ma'aikaciya mace, kuma sirrinta a rufe yake.

Allah ya sauke ku lafiya.