Saniya na neman sa: kar ranar ta wuce ki

Ƴar'uwa, saniyar da kika saya da kuɗin asusu ba ta maida kuɗinta sai ta haihu. Kusan duk kwana 21 take neman barbara, kuma abin bai cika wuce yini ɗaya ba.

Ki riƙa dubawa da asuba da almuru. Za ta yawaita kuka, ta rage ci, nono ya ja baya, gabanta ya kumbura yana zubar da ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai. Babbar alama: wata ta hau ta, ita ko ta tsaya cak.

Kin ga haka, a kai ta wurin sa ran nan, kar a kwana. In aka makara, sai bayan sati uku, ga dusa na tafiya. Ki riƙe ranar: in sati ukun ya cika ba ta sake nema ba, wataƙila ta ɗauka.