TUFAFIN ƊARI DA NA DAMANA: A TUNA DA YARON DA YA SAUKA DAGA GOYO

Duk wanda ya taɓa kwana Matankari cikin watan Disamba ko Janairu ya san ɗarin ƙasar Arewa. Iska na tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamada, ta gangaro cikin Dallol Mawri ɗauke da ƙura. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 15, wani dare ma ƙasa da haka. Amma kafin azahar sai ya haye 30. Ke nan cikin wuni guda mutum na gamuwa da sanyi da zafi gaba ɗaya.

Da safe a ƙofar gida za ka ga magidanta sun lulluɓa da bargo, mata sun ƙara zane. Jinjiri kuwa yana bayan uwarsa, ɗumin jikinta ya ishe shi. Wanda ake mantawa da shi shi ne yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku, wanda ya fara tafiya, aka yaye shi ko ana shirin yaye shi. Ya sauka daga goyo, ya rasa ɗumin uwa, kuma bai iya cewa "ina jin sanyi" ba. Game da tufafin wannan yaro ne muke son yi wa masu karatu bayani.

DALILIN DA YA SA SANYI YA FI KAMA SHI

Jikin yaro ƙarami ne, amma in aka gwada da nauyinsa, fatarsa ta fi ta babba faɗi. Ta fata ne ɗumi ke fita, don haka nasa ya fi saurin tsiyayewa, kamar yadda kunu cikin ƙaramin ƙoƙo ke riga na cikin tukunya hucewa. Kansa kuma babba ne bisa ga sauran jikinsa, shi ya sa hula ke da muhimmanci. Yaron da ya rame saboda rashin abinci ko rashin lafiya ya fi kowa shiga haɗari, domin ba ya da kitsen da zai tare masa sanyi.

Ma'aikatan lafiya suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk yawan tufafin da babba ya sa ya ji daidai, a ƙara wa yaro guda ɗaya a kai.

RIGA BISA RIGA

Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi riga ɗaya mai kauri amfani. Iskar da ke tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe ɗumi. Bayan haka, in rana ta ɗaga, ana iya tuɓe ta sama a bar ta ciki.

Ta farko, wadda ke taɓa fata, ta zama ta auduga mai dogon hannu. Ta biyu ita ce rigar sanyi, wato tiriko. In iska ta yi ƙarfi sai a ƙara ta uku, mai tare iska. A sa masa dogon wando, da hula mai rufe kunnuwa, da safa da takalmi, domin ƙasa kan yi sanyi ƙwarai da safe, kuma kaushi na tsattsaga ƙafafun yara. Zanen saƙi na auduga, irin wanda kakanninmu suka rufa da shi, har yau abin rufa ne mai kyau da dare.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa wa yaro tiriko da asuba a bar shi da shi har la'asar. Yana wasa yana zufa, rigar ciki ta jiƙe, da maraice iska ta buga ta, sai sanyin ya fi na safe shigarsa. Uwa ko yayar da ke reno ta riƙa sa hannu bayan wuyan yaron. In ta ji danshi, tufafin sun yi yawa. In ta ji wurin da sanyi, a ƙara.

ABIN DUBAWA A KASUWA

Galibin rigunan sanyi da ake kasawa a kasuwannin Matankari, Dogon Dutsi da Tibiri kayan gwanjo ne, wato bosho, daga ƙasashen Turai da sauransu. Suna da araha, kuma akwai masu kyau cikinsu. Sai dai a tuna, wasu an ɗinka su ne domin ƙasashen da ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Babbar riga mai cushe da soso, wadda ta haɗa sama da ƙasa, ta fi ƙarfin ɗarinmu. Nauyinta na hana yaro tafiya, kuma tana da wuyar tuɓewa in ya matsu da fitsari.

Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana da abin da zai taimake shi a nan: ya karanta ƴar takardar da ke wuyan riga. In an rubuta coton, auduga ce. Laine ulu ne. Polyester, acrylique da nylon kuwa zaren roba ne. Lamba 86 tana nufin yaro mai tsawon santimita 86, wajen wata 18 ke nan, lamba 92 kuma wajen shekara 2. In za a saya, gara ta ɗan yi masa yawa, domin ta shiga bisa wata rigar, kuma ta kai baɗi. Amma kada hannunta ya rufe yatsunsa.

A guji riga mai igiya a wuya ko a jikin hularta. Igiyar na iya maƙalewa ga darni ko reshen icce ta shaƙe yaro. Saboda irin wannan haɗari ne ƙa'idar Tarayyar Turai ta hana sa igiya a wuyan tufafin yara ƴan ƙasa da shekara 7. In an riga an saya, a zare igiyar. A duba maɓallai ma, kada wani ya yi kwance yaro ya cire shi ya haɗiye. Kuma kowace rigar bosho a wanke ta da sabulu, a shanya ta ga rana, kafin ta taɓa jikinsa.

HATTARA DA WUTA

Lokacin ɗari lokacin jin ɗumi ne. Ana hura wuta da kara a tsakar gida, yara na kewaye ta. A nan ne zaɓen riga ke zama maganar rai. Zaren roba, in wuta ta lashe shi, narkewa yake yi ya manne ga fata, ƙunarsa ta yi zurfi. Ulu ba ya saurin kamawa. Auduga tana ci, amma ba ta narkewa. Don haka yaron da ke sanye da rigar roba ko riga mai ja da ƙasa kada a bar shi kusa da murhu, kuma kowane iri ya sa, a samu babba kusa da shi. In tsautsayi ya faru, a zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi, bisa ƙunar na wajen minti 20, kada a fizge abin da ya manne, a nufi gidan likita. Haka kuma kada a kwana da garwashi cikin ɗaki a rufe, domin hayaƙinsa na kisa.

DAMANA

Daga Yuni zuwa Satumba matsalar ta canza. Ba sanyi ne ke da yawa ba, jiƙewa ce. Hadari kan taso wa uwa da ɗanta a gona ko bisa hanya, da iska mai sanyi a gabansa. Jiƙaƙƙiyar riga na janye ɗumin jiki da sauri ƙwarai. Abin da ya fi rigar ruwa muhimmanci shi ne busasshiyar riga da zane, a ƙulle cikin leda a tafi da su gona. Da ruwa ya bugi yaro, a tuɓe shi, a goge shi, a canza masa.

In da halin sayen rigar ruwa, a zaɓi mara nauyi, mai hula, wadda ta tsaya ga gwiwa. A tuɓe ta da ruwa ya ɗauke, domin roba ba ta barin zufa ta fita. Kada a taɓa rufa wa yaro leda a kai da sunan kare shi daga ruwa, tana iya toshe masa numfashi. Da maraice a sa masa riga mai dogon hannu da dogon wando saboda sauro, ya kwana cikin gidan sauro. Tun 2013 aka fara bai wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damana a Nijar. Kada a bari zagayen ya wuce shi.

RIGA BA MAGANI BA CE

Ciwon huhu, wanda wasu ke kira ciwon haƙarƙari, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, ƙura da hayaƙi da yunwa kuma su buɗe masa hanya. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2019 ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 sama da 740.000 a duniya, wato kashi 14 cikin 100 na yaran da suka rasu. A 2014 Nijar ta shigar da allurar rigakafin ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyinsa cikin alluran yara. A duba katin yaro a tabbata ya cika.

In yaro na tari, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye ya yi sauri. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa sa'ad da yake jan iska, ko ya ƙi sha, ba lokacin ƙara bargo ba ne. A kai shi gidan likita a ranar.

Muna kira ga magidanta, in an sayar da wake ko gyaɗa da kaka, a fitar da kuɗin tiriko da hula da takalmin ƙaramin gida tun ɗari bai shigo ba. Malaman yaƙi da jahilci, da ma'aikatan lafiya, da masu gari, su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su samu karantawa ba. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.