Labarin Nutiriya, Dabbar da Aka Kiwata Don Fatarta

Duk wanda ya san fadamar Rima, nan gefen birnin Sakkwato, ya san irin ɓarnar da gyazbi ke yi wa shinkafa da rake. Mutanenmu kuwa sun saba rage hasara ta wajen cin moriyar mai ɓarna, kamar yadda a kan soya fara a kai ta kasuwa. To, muna so mu ba 'yan'uwa labarin wata dabba da Turawa suka gwada wa wannan dabara, mu ga inda ta kai su.

Sunanta nutiriya, asalinta Amurka ta Kudu. Ta yi kama da gyazbi, amma ta fi shi girma, haƙoranta jajaye, ƙafafunta na baya kamar na agwagwa, gama cikin ruwa ta ke zama. Ƙarƙashin gashinta na waje akwai wani gashi mai laushi ƙwarai wanda a ke yin rigunan sanyi da shi. Saboda wannan gashi aka kai ta Ingila a 1929, aka kai ta Luwiziyana ta ƙasar Amurka cikin shekarun 1930, don a yi kiwo. Waɗansu suka kuɓuce, waɗansu aka sake su da kiwon ya ƙi riba. Macen tana haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Ba ganye kaɗai ta ke ci ba, har saiwa ta ke tonewa, sai ruwa ya kwashe ƙasar, fadama ta zama tafki. Tana kuma haƙa ramuka cikin gaɓar kogi har ta rushe. Ko Afirka ba ta tsira ba, gama a Kenya ta shiga tafkin Naibasha ta yi ta cin bado.

A Luwiziyana muddin fata tana da tsada babu wanda ya yi kuka. A kakar farauta ta 1976 masu tarko sun kama wajen miliyan 1.8. Amma cikin shekarun 1980 kasuwar gashi ta faɗi a Turai, maharba suka ajiye tarkunansu, dabba ta samu sake. Mu Sakkwatawa ba ma bukatar a fassara mana wannan. Fatar jar akuyarmu ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, majemanmu kuwa sun sani ba a bakin marina a ke yanka mata kuɗi ba, can nesa ne inda ba su da ta cewa.

Sai hukuma ta koma wajen nama. Aka yi ta shela cewa ba shi da kitse, ɗanɗanonsa kamar na zomo, manyan kukuna suka dafa a bainar jama'a. Mutane suka dubi wutsiyar, suka ce ɓera ne, yawancinsu suka ƙi. (Halaccinsa gare mu kuwa, wannan magana ce ta malamai.) A 2002 aka sa lada, dala 4 ga kowace wutsiya da maharbi ya kawo, a 2019 aka mai da ita dala 6. Ɓarna ta ragu ƙwarai, amma dabbar ba ta ƙare ba. A ganinmu ba abin mamaki ba ne, gama wanda ke ci da wutsiya ba zai so wutsiya ta ƙare ba.

Ingila ta bi wata hanya dabam. A 1981 aka ɗauki masu tarko 24 aiki bisa albashi. Aka lura mutum ba zai yi gaggawar kashe aikin da ya ke ci da shi ba, don haka aka yi musu alkawarin tukwici wanda zai kai albashin shekara uku in sun gama da wuri, in sun yi jinkiri kuwa tukwicin ya riƙa raguwa. Suka bi fadamun gabashin ƙasar rafi rafi da tarkunan keji. An kama ta ƙarshe a 1989.